Layin Ƙusa Na Huɗu

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Talata wayar ofis ta yi ƙara. Sajan ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye, sannan ya dubi Sufeto.

"Ranki ya daɗe, wani kafinta ne ya faɗo daga rufin bene. An ce ko shurawa bai yi ba."

"Hatsari ne, a kira asibiti."

"Mai kiran ya ce turo shi aka yi."

Sufeto ta ture kofin shayin da ko kurɓa ba ta yi ba, ta ɗauki hularta. Mace ce 'yar siririya, shekararta goma sha tara tana aikin ɗan sanda. Ta sha shiga maɓoyar 'yan fashi ko ɗar ba ta ji ba, amma in ta hau kujera za ta sauya ƙwan lantarki sai jiri ya kwashe ta. Duk ofishin an san da wannan, ba a dai samu mai ƙarfin halin da zai faɗa a gabanta ba.

Gidan bene ne, na wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Gawar na kwance a gindin matakala, an lulluɓe ta da labule. Sufeto ta ɗaga kai sama. Silin ya ɓarke, can samansa kuma kwanon rufi ya dare, rana na leƙowa ta tsagar.

"Wane ne shi?" ta tambayi malamar.

"Baban Rufi muke ce masa. Duk unguwar nan shi ke yi mana rufi. Kin san iskar gabas da ke zuwa kafin ruwa, bara sai da ta kwashe rufin gida tara a layin nan. Amma ba a taɓa jin ta ɗaga nasa ba, don ɓangaren da iska ke bugawa katako yake jerawa kusa-kusa. Shi ya sa na ba shi aikin."

"Shi ya yi da hannunsa?"

"A'a. Lokacin an yi masa aikin ido, yana kwance. Ƙaninsa da surukinsa ya turo, suka sauya rufin cikin kwana biyar, ɓangaren gabas suka yi a ƙarshe. Sati uku ke nan. Shekaranjiya da aka yi iska sai na ji gabas ɗin yana kaɗawa kamar zai tashi, na kira shi. Yau da safe ya zo dubawa."

"Su wa suka hau?"

"Shi da surukin, Dogo. Ƙanin yana ƙasa riƙe da tsani. Ina kicin na ji tsohon yana faɗa, yana cewa, 'Ni za ka ci wa amana?' Ban daɗe ba na ji ƙara."

A tsakar gida aka nuna wa Sufeto ƙanin mamacin. Baba Ƙarami ake kiransa, kuma sunan ya bi jiki, don ɗan tsurut ne. Idanunsa sun kumbura saboda kuka.

"Da na ji hayaniya sai na hau tsanin na leƙa," in ji shi. "Da idona na ga Dogo ya hankaɗe shi."

"Ba zamewa ya yi ba?"

"Ranki ya daɗe, ba ki san aikinmu ba. Mu ba ma taka kwano ko'ina. Layin ƙusa muke bi, don duk inda kika ga kan ƙusa a jere, katako ne a ƙarƙashi. Shi ne darasin farko da ake koya wa mai hawa rufi. Yayana ya yi shekara talatin da bakwai yana hawa, ko ido rufe ƙafarsa ba ta sauka daga layi. In kin ga ya faɗa tsakiyar kwano, to, jefa shi aka yi."

Kafintocin unguwa da suka taru duk suka gyaɗa kai. Dogo kuwa yana zaune jikin katanga, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, leɓensa a fashe, don maƙwabta sun riga hukuma taɓa lafiyarsa. Sufeto da hannunta ta sa masa ankwa.

A ɗakin tambayoyi Dogo ya kafe kai da fata.

"A kan layi yake tafiya. Na huɗu daga ƙasa. Ina kallon ƙafarsa, wallahi a kan ƙusa take, sai kawai kwanon ya haɗiye shi."

"Kun yi faɗa?"

"A'a."

"Mai gidan ta ji."

"Hira muke yi. Shi da ma muryarsa haka take."

"Kwana biyar ɗin da aka yi ana aikin, kana wurin?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina wurin."

"Duka?"

"Duka."

Sufeto ta rufe fayil. Ƙarya yake yi, ko makaho ya laluba fuskar nan zai gane. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, a tsakiyar ƙaryar akwai magana ɗaya da yake faɗa yana kallon ƙwayar idonta, ita ce kuma wadda ba wanda zai yarda da ita.

Shugaban ofis bai ga abin tsayawa ba. "Ga shaidar gani da ido, ga wadda ta ji faɗa, ga mai laifi yana ƙarya. Me kuma kike nema? Gobe ƙarfe biyu a kai shi kotu, tuhumar kisan kai."

Da la'asar ta fito ta tarar da wata matashiya zaune a benci gaban kantar ofis, takalmanta wari da wari, alamar a guje ta baro gida. Tana ganin Sufeto ta zube ƙasa ta riƙe mata ƙafa.

"Tashi, ƙanwata. Wace ce ke?"

"Wanda ya mutu babana ne. Wanda kuka kulle mijina ne."

Sufeto ta ja ta zuwa ofishinta, ta ba ta ruwa, ta ƙi sha.

"Na je gidanmu, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in na yarda mijina ne ya kashe Baba in shigo, in ban yarda ba in koma inda na fito. Yayyena ko kallona ba su yi ba. Ranki ya daɗe, ina zan sa kaina? Mutumin nan shi ya yi jinyar Baba a asibiti, shi ke ba shi abinci a baki."

"To me ya haɗa su faɗa?"

Matar ta shiga murza bakin mayafinta.

"In kika ɓoye mini, gobe war haka yana gidan yari."

"Aiki ya karɓa a ɓoye," ta ce a hankali. "Rufin wani shago. Baba ya tsani a raba hankali gida biyu, ya sha faɗa cewa duk wanda ya bar aikinsa ya tafi wani, ya bar shi har abada. Kwana biyun ƙarshe na aikin malama mijina ba ya wurin. Baba Ƙarami ne ya ce ya je abinsa, shi zai ƙarasa, ba mai ji. Jiya kuma maganar ta kai kunnen Baba. Shi ne abin da yake jin kunyar faɗa miki."

Sufeto ta tuna maganar malamar. Kwana biyun ƙarshe. Ɓangaren gabas ke nan.

"Je ki gida ki kwanta."

"Wane gidan?" in ji matar. Ta koma bencinta ta zauna, a nan kuma Sufeto ta tarar da ita washegari.

Ƙarfe goma na safiyar Laraba Sufeto da Sajan suka isa gidan malamar. Gabas ta fara haɗa hadari, garin ya yi tsit, zafi kamar a tukunya. A ƙofar gida suka ga sabbin kwanuka a jingine, Baba Ƙarami na ƙoƙarin kafa tsani, ƙarfen cire ƙusa a soke a ƙugunsa.

"Me za a yi, Baba?"

"Ruwa na tafe, ranki ya daɗe. In ya sauka a ramin can, gidan baiwar Allah ya lalace. Na ce bari in kware gabas ɗin gaba ɗaya in sake. Sunan yayana ne a kai."

"Mutumin da ko kwana biyu bai yi da rashin ɗan'uwa ba? Lallai kana son aikinka. Ajiye ƙarfen nan. Ba mai taɓa rufin sai na ce."

Ta bar shi a hannun kurtun ɗan sandan da ya rako su, ta tsallaka titi ta tsaya inda take hango ɓangaren gabas. Kawunan ƙusa na ƙyalli a jere, layi bisa layi, tsaf kamar an ja da zare. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Goma sha ɗaya.

"Malama, akwai hanyar shiga cikin silin?"

Akwai, wata 'yar ƙofa ce a saman baranda. Sajan ya hau teburi ya zura kai, kafaɗa ɗaya ta shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sai da aka jawo shi ta ƙafa.

"Dogo ya taɓa shiga nan?" Sufeto ta tambaya.

"Ina zai wuce?" in ji malamar. "Baba Ƙarami ne dai ya shiga ranar da suka gama, da filaya a hannunsa. Ya ce wayar wuta zai duba."

Sufeto ta dubi teburin, ta dubi ƙofar. Ta karɓi tocila ta hau, ba ta yarda ta kalli ƙasa ba.

Ciki duhu ne da ƙura da zafi mai toshe numfashi. Ta rarrafa a kan gungumen katako, tana haska sama tana ƙirga katakon da kwano ke kwance a kai. Ɗaya, biyu, uku. Inda na huɗu ya kamata ya kasance babu komai. Ƙusoshi ne kawai suka huda kwano suka leƙo cikin iska, an bi su ɗaya bayan ɗaya an lanƙwashe bakinsu don kada su zare. Ta ci gaba. A na bakwai ma haka. Layi goma sha ɗaya a waje, katako tara a ciki.

Ta zauna cikin duhun, gumi na zuba. Ashe Dogo gaskiya ya faɗa. A kan layi tsohon yake tafiya, layin ne ya yaudare shi. Ita kuwa da hannunta ta ɗaure mutumin da surukinsa ya mutu a gaban idonsa.

Tana saukowa ta kira shugaban ofis.

"Ƙusa ta gaya miki wanda ya buga ta?" in ji shi. "Baba Ƙarami zai ce Dogo ne ya buga, matar Dogo kuma dole ta kare mijinta. Shiga silin da filaya ba laifi ba ne. Ina da shaidar da ya rantse ya gani da idonsa. Ki kawo mini abin da ya fi wannan kafin ƙarfe biyu, in ba haka ba mota ta tafi."

Sha biyu da rabi ta wuce. Iska ta fara kaɗa ganyen bishiya, gabas ta yi baƙi ƙirin. In guguwar nan ta sauka, ita da kanta za ta yi wa Baba Ƙarami aikin da aka hana shi, ta kwashe rufin da shaidar duka. In kuma Dogo ya shiga gidan yari da tuhumar kisa, Allah kaɗai ya san shekarar da za a sake buɗe fayil ɗinsa. Sufeto ta laluba duk wata dabara da ta sani, guda ɗaya ta rage mata, ita ce kuma wadda ta fi tsana.

"Sajan, a kafa tsani ta yamma. Baba, zo ka nuna mini daidai inda Dogo ya tsaya lokacin da ya tura shi."

"A sama?" in ji Sajan, baki buɗe. "Ke, ranki ya daɗe?"

Kallo ɗaya ta yi masa ya je ya riƙe tsanin.

Baba Ƙarami ya haye kamar ƙadangare. Sufeto ta bi shi, hawa ɗaya addu'a ɗaya. Da ta kai ƙololuwar rufin sai duniya ta juya mata, mutanen da suka taru a titi suka koma 'yan mitsi-mitsi. Ta ciji leɓe ta miƙe tsaye.

Suka fara gangarawa gabas, shi a gaba. Layi na sha ɗaya, na goma, na tara. A na takwas ya tsaya cak, ya miƙa hannu yana nuna ramin daga nesa.

"Can ne. Dogo yana daga dama, yayana yana daga hagu."

"Ba na gani daga nan. Mu matsa."

"Iska ta taso, ranki ya daɗe. Mu sauka."

"Ba kai ka koya mini ba? In dai ina kan layin ƙusa ba abin da zai same ni."

Ta zo ta tsaya gefensa a kan na takwas. Na bakwai na gabanta, kawunan ƙusa na ƙyalli, ƙarƙashinsu kuwa ta san babu komai sai silin da doguwar matakala. Mutumin da ya yi wa ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya shiru, me zai sa ya buɗe baki saboda 'yar sanda? Ta ɗaga ƙafa, ta ɗora a kan layin, ta fara sakin nauyinta. Kwanon ya yi ƙara, ya lotsa.

"Kar ki taka!"

Ya fizgo hannunta da ƙarfin da ba ta zaci yana da shi ba, suka zube tare a kan na takwas. Ta daɗe tana haki kafin ta iya magana.

"Me ya sa, Baba? Ai layin ƙusa ne."

Ya dubi hannunsa da ke riƙe da nata, ya saki.

"Kalma uku ce," in ji Sufeto. "Me ya hana ka faɗa wa yayanka ita jiya?"

Sai ya fashe da kuka, ba irin na jiya ba, wannan daga ciki yake fitowa.

"Iskar bara ta kwashe rufin ɗakina. Shekara guda 'ya'yana na kwana a ƙarƙashin tamfol, ni da nake rufa wa mutane gida. Na roƙi yayana ragowar katako, ya ce kayan mai aiki na mai aiki ne, ko guntu ne. Da na ga yana kwance, Dogo kuma ya tafi, sai na rage layi biyu na kai gida. Na san in ya warke zai tsaya a titi ya ƙirga layi, haka yake yi wa kowane aiki. Shi ne na buga ƙusa a banza. Ban taɓa zaton zai hau ba, da idon nan nasa."

"Amma ya hau."

"Ya hau. Na biyo shi na leƙa, na ga ya bar na uku ya taka na huɗu, yana tafiya yana yi wa Dogo faɗa. Taku biyar ya yi, ranki ya daɗe. Ina ƙirgawa. Kowane taku ina cewa yanzu zan yi magana. Amma in na ce kar ya taka, zai ce me ya sa, a gaban surukinsa, a gaban unguwa. Shi ya raine ni, shi ya damƙa mini guduma. Na ce bari ya wuce lafiya, gobe in zo in gyara ba wanda ya sani."

"Dogo fa? Shi me ya yi maka?"

"Mutane suka taru suna cewa Baban Rufi ba ya sauka daga layi. In ba turo shi aka yi ba, to layin za a duba." Ya share fuska da gefen riga. "Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Da na faɗa kuma na kasa janyewa."

Ɗigon ruwa na farko ya bugi kwano. Yadda Sufeto ta sauko daga tsanin nan, ita kanta ba za ta iya bayani ba. A ƙasa Sajan ya sa wa Baba Ƙarami ankwa, kafintocin unguwa suka dare suka ba shi hanya. Kafin su shiga mota Sufeto ta sa aka ɗauki hoton ƙusoshin cikin silin, aka kuma ja tamfol a kan ramin.

Biyu saura kwata suka isa ofis, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Motar kotu na tsaye a ƙofa da inji a kunne, an riga an fito da Dogo, ƙafarsa ɗaya a ciki. Matarsa na tsaye cikin ruwan, ta riƙe ƙofar motar da hannu biyu, wani ɗan sanda na ƙoƙarin ɓamɓare yatsunta.

"A sauko da shi," in ji Sufeto.

Ita da ta sa masa ankwar, ita ta cire. "Ka yi haƙuri," ta ce masa. "Gaskiya ka faɗa mini, ni ce ban ji ba."

A daidai lokacin Sajan ya fito da Baba Ƙarami daga mota. Matar ta dubi ankwar da ke hannun ƙanin mahaifinta, ta dubi fuskarsa.

"'Yata," ya ce.

Ta kau da kai. Sajan ya wuce da shi bayan kanta, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Dogo ya cire rigarsa ya rufa wa matarsa a ka, duk da ta riga ta jiƙe sharkaf. "Zo ki zauna, tun jiya ba ki ci komai ba."

"A'a," ta ce. "Kai ni gidanmu. Har yanzu ban yi wa babana kuka ba."